Yadda Ake Gina Conditionnel Passé a Faransanci: Jagora da Aikatau «Sortir»

Duk wanda ya taɓa cewa «da na sani da ban fita ba» ya riga ya mallaki ma'anar lokacin da masu nahawun Faransanci ke kira conditionnel passé, ko da kuwa bai taɓa buɗe littafin nahawu ba. Magana ce a kan abin da zai iya faruwa a baya amma bai faru ba, irin wadda ake yi bayan bakin alƙalami ya riga ya bushe. Saboda haka ɗalibin da Hausa ce harshensa na farko, ko yana aji a Maraɗi ko Damagaram ko Garwa, ko kuwa yana koyon Faransanci a wata jami'a a Najeriya, ma'anar ba za ta ba shi wahala ba. Wahalar tana cikin ginin. Hausa takan ɗauki 'yar kalmar nan «da» ta aza ta a goshin kowane sashe na jimla, shi ke nan magana ta tsaya da ƙafarta. Faransanci kuwa yana neman kalmomi biyu a jere, ta farko tana sauyawa gwargwadon mai yin aikin, ta biyu kuma wani lokaci tana karɓar ƙarin harafi a ƙarshe wanda kunne ba ya ji amma mai gyaran jarrabawa yana gani.

Na zaɓi aikatau guda ɗaya, sortir, domin mu bi shi daga farko har ƙarshe. Dalilin zaɓinsa shi ne yana cikin 'yan tsirarun aikatau da ke tafiya da mataimaka biyun da Faransanci ke da su, wato avoir da être, ga shi kuma yana da siffar da ake yi wa kai, s'en sortir. Wanda ya iya sarrafa shi ya ga kusan duk dokokin da ke cikin wannan lokaci.

Mataki na farko: rarrabe «fita» da «fitar da»

Ginin conditionnel passé kashi biyu ne. Ana sa aikatau mataimaki, avoir ko être, a conditionnel présent, wato siffar aurais da serais da za mu gani a mataki na biyu, sannan a bi shi da participe passé na aikatau ɗin da ake nufi, wato siffarsa mai nuna aikin da aka gama, irin sorti. Tambayar farko ke nan kullum ita ce wane mataimaki za a ɗauka, kuma amsar daidai take da ta passé composé, lokacin ba da labarin abin da ya wuce irin «je suis sorti», na fita, babu wata sabuwar doka. Mafi yawan aikatau suna ɗaukar avoir. Wani ƙaramin rukuni ne yake ɗaukar être, kuma ya kamata a haddace shi: aller, venir, arriver, partir, entrer, sortir, monter, descendre, rester, tomber, retourner, passer, naître, mourir, da waɗanda aka tsiro daga gare su kamar devenir, revenir da rentrer. Haka nan duk aikatau mai se a gabansa, irin se lever da se laver, être yake ɗauka.

A nan ne Hausa za ta yi maka rana. Abin da Faransanci ya dunƙule cikin kalma ɗaya, sortir, Hausa ta raba shi biyu: mutum ya fita da kansa, ko mutum ya fitar da wani abu. Idan «fita» ce, mataimakin être ne, kamar a «Je serais sorti», wato da na fita. Idan «fitar da» ce, mataimakin avoir ne, kamar a «J'aurais sorti la moto», wato da na fitar da babur. A harshen nahawu, sortir yana ɗaukar être idan ƙi-karɓau ne, yana ɗaukar avoir idan so-karɓau ne, ma'ana akwai abin da aikin ya faɗa wa kai tsaye ba tare da wata 'yar kalma kamar de ko à ta shiga tsakani ba. Shi ya sa «Je serais sorti de la maison» ya zauna da être, domin de ta raba aikatau da gidan, kamar yadda «daga» take yi a «fita daga gida».

Wasu abokan sortir ma haka suke. Rentrer: «je serais rentré», da na koma gida, amma «j'aurais rentré les chèvres», da na shigar da awaki. Descendre: «je serais descendu», da na sauka, amma «j'aurais descendu les sacs», da na sauko da buhunan. Sai dai a kula, dokar ta ainihi ita ce kasancewar karɓau na kai tsaye, ko da ma'anar ba ta «fitar da» ba ce. Ana cewa «j'aurais monté l'escalier» da avoir, alhali mai maganar shi ne ya hau matakalar da ƙafarsa. Passer ma yana da fuska biyu: «je serais passé chez toi», da na biyo ta gidanka, da «j'aurais passé l'examen», wanda ke nufin da na zauna jarrabawar, domin cin jarrabawa réussir ake ce masa.

Mataki na biyu: haddace mataimakan biyu

Wannan aikin hadda ne, ba shi da wata hanya ta daban. Ga avoir:

j'aurais, tu aurais, il ko elle aurait, nous aurions, vous auriez, ils ko elles auraient.

Ga être:

je serais, tu serais, il ko elle serait, nous serions, vous seriez, ils ko elles seraient.

Idan ka duba da kyau za ka ga saiwar ta futur ce, wato lokaci mai zuwa, aur- da ser-, wutsiyar kuma ta imparfait ce, wato lokacin abin da ake cikin yi a baya: -ais, -ais, -ait, -ions, -iez, -aient. Huɗu daga cikin wutsiyoyin nan shida, wato -ais biyu da -ait da -aient, furucinsu ɗaya ne tak, rubutu kaɗai ke raba su. A wurin avoir kunne yana samun ɗan taimako, domin a ils auraient harafin s na ils yana haɗuwa da wasalin da ke biye ya fito kamar z, abin da ba ya faruwa a il aurait. A wurin être kuwa babu wannan taimako, il serait da ils seraient sauti guda ne, sai an duba sauran jimlar kafin a san ko mutum ɗaya ake nufi ko jama'a.

Akwai tarko biyu da suka fi kama ɗalibai a nan. Na farko shi ne j'aurai da j'aurais, haka je serai da je serais. Wanda babu s a ƙarshensa futur ne, kuma idan aka haɗa shi da participe passé sai ya ba da futur antérieur: «je serai sorti à midi» na nufin kafin tsakar rana zan riga in fita, magana ce ta gaba. Littattafan furuci suna bambanta su, amma masu magana da yawa ba sa yi, saboda haka kada ka dogara da kunne. Dabarar da ba ta kuskure ita ce ka musanya je da nous a zuci. Idan jimlar ta karɓi nous serons, to babu s; idan nous serions ta karɓa, to akwai s. Tarko na biyu shi ne serais da saurais, waɗanda suka yi kama a baki amma na biyun daga savoir yake, kuma ba ya taɓa zama mataimaki.

Mataki na uku: participe passé, sannan haɗawa

Participe passé na sortir shi ne sorti. Ko da yake sortir yana cikin rukuni na uku na aikatau, wato waɗanda ba sa bin ƙa'ida ɗaya, tun da ana cewa nous sortons ba tare da -iss- irin na nous finissons ba, a wannan wuri ya bi sahun finir da ke ba da fini. Aikatau masu ƙarewa da -er duk suna ba da -é, kamar parlé da mangé, har da allé. Sauran na rukuni na uku sai an haddace su ɗaya bayan ɗaya, kuma waɗanda za ka fi bukata su ne pris, mis, dit, fait, écrit, vu, lu, bu, su, pu, voulu, dû, venu, reçu, ouvert, né da mort. Avoir da kansa yana ba da eu, être yana ba da été, kuma dukansu biyu avoir suke ɗauka: j'aurais eu, j'aurais été. Babu «je serais été» a Faransanci, komai yadda hankali ya so ya kai mutum can.

Idan aka haɗa kashi biyun, ga «fita»:

je serais sorti ko sortie, tu serais sorti ko sortie, il serait sorti, elle serait sortie, nous serions sortis ko sorties, vous seriez sortis ko sorties, ils seraient sortis, elles seraient sorties.

Ga kuma «fitar da»:

j'aurais sorti, tu aurais sorti, il ko elle aurait sorti, nous aurions sorti, vous auriez sorti, ils ko elles auraient sorti.

Mataki na huɗu: daidaita jinsi da adadi

Jerin farko da ke sama ya nuna dokar être: participe passé yana bin aikau, wato mai yin aikin, a jinsi da adadi. Mace tana ƙara e, jam'i yana ƙara s, jam'in mata yana ƙara es, idan kuma maza da mata suka haɗu siffar maza ake ɗauka. Bahaushe ya saba bambanta «da ka fita» da «da kin fita» a kan lamiri. Faransanci ba ya yin haka da tu, sai ya kai bambancin can ƙarshen participe, tu serais sorti ga namiji, tu serais sortie ga mace. Inda ya wuce Hausa shi ne a mutum na farko. Namiji da mace duk «da na fita» suke cewa, amma mace idan tana rubutu da Faransanci dole ta rubuta je serais sortie. Wannan e ɗin ɗalibai mata ke yawan mantawa idan suna ba da labarin kansu, saboda misalan littafi kusan kullum da bakin namiji ake rubuta su.

Vous na girmamawa yana bukatar lura. Idan mutum ɗaya kake yi wa magana da vous, kamar yadda ake ce wa babba «ku», mataimakin yana zama na jam'i amma participe yana zama tilo: «Madame, vous seriez sortie plus tôt», babu s. On kuma idan yana nufin mutane gaba ɗaya, participe ba ya sauyawa, amma idan ya tsaya a madadin nous an yarda a rubuta «on serait sortis».

Dokar avoir ta fi wannan murɗiya. Participe ba ya kallon aikau ko kaɗan, saboda haka ana rubuta «Elle aurait sorti la marmite» ba tare da e ba, ko da yake mai fitarwar mace ce kuma tukunyar ma mace ce a Faransanci. Amma da zarar karɓau na kai tsaye ya riga aikatau zuwa a cikin jimla, participe sai ya daidaita da shi. Hakan yana faruwa a wurare uku. Na ɗaya, idan an maye karɓau da wakilin suna le, la, les, me, te, nous ko vous: «La marmite, elle l'aurait sortie». Na biyu, bayan que mai komawa ga suna: «les chaises que nous aurions sorties». Na uku, a tambayar da ta fara da karɓau: «Quelles chaises auriez-vous sorties ?». Wakilin suna en kuwa a bisa al'ada ba ya jawo daidaitawa, ana rubuta «des chaises, j'en aurais sorti».

Tun da sorti, sortie, sortis da sorties duk furucinsu ɗaya ne, akwai gwajin da nake ganin ya fi kowane amfani. Ka cire sortir ka sa mettre ko prendre a gurbinsa, domin su kunne yana jin bambancin namiji da mace a cikinsu. Idan bakinka ya ce «je l'aurais mise» ko «je l'aurais prise», to sortie za ka rubuta. Idan ya ce «j'aurais mis la marmite», to sorti ne ba ƙari.

Saura siffar da ake yi wa kai. S'en sortir na nufin kuɓuta daga wata matsala ko samun mafita, kuma participe ɗinsa yana daidaita da mai kuɓutar: «Sans ton aide, elle ne s'en serait pas sortie», da ba don taimakonka ba da ba ta kuɓuta ba. A sauran aikatau masu se, sai an tambayi ko se ɗin karɓau ne na kai tsaye. «Elle se serait lavée» yana da e domin kanta ta wanke. «Elle se serait lavé les mains» ba shi da e domin abin da aka wanke hannuwa ne, kuma sun zo bayan aikatau. «Ils se seraient parlé» ma ba shi da s, domin parler à quelqu'un ake cewa.

Mataki na biyar: korewa, tambaya da wakilan suna

Wannan mataki gajere ne, domin ƙa'ida ɗaya ce ke riƙe da shi: komai a kan mataimaki yake faruwa, participe yana can gefe yana jira. Kalmomin korewa suna kewaye mataimakin, kamar a «je ne serais pas sorti», «tu n'aurais jamais sorti la moto», «nous n'aurions rien dit». Personne ce ta fita daban, tana zuwa bayan participe: «je n'aurais vu personne». A tambaya ana juya mataimaki da lamiri, «Serais-tu sorti ?», «Aurait-elle sorti les nattes ?», kuma ba a ƙara wani t a tsakani tun da aurait da serait da t suke ƙarewa. Wakilan suna suna shiga gaban mataimaki, ne kuma tana gabansu duka: «je ne les aurais pas sorties», «je le lui aurais dit».

Mataki na shida: jimlar «da … da …»

Ga inda wannan lokaci ya fi yin aiki, ga kuma inda Hausa, bayan ta taimaka a matakin farko, take iya jefa mutum cikin rami. A Hausa sassa biyu na jimlar sharaɗi kamarsu ɗaya: «da ka kira ni, da na fita». Kowane sashe ya fara da «da», kowane yana da siffar aikatau iri ɗaya. Sai hannu ya so ya yi haka a Faransanci, ya zuba conditionnel a duka ɓangarorin, ya rubuta «si tu m'aurais appelé». Wannan kuskure ne, kuma 'ya'yan Faransawa ma suna yinsa, har malamansu suka ƙirƙiro 'yar magana don tunatarwa, cewa «les si n'aiment pas les -rais», ma'ana si ba ta shiri da wutsiyar -rais.

Tsarin da ya dace shi ne sashen da si ta buɗe ya ɗauki plus-que-parfait, ɗaya sashen ya ɗauki conditionnel passé. Plus-que-parfait gininsa irin wannan ne, sai dai mataimakin yana imparfait: j'avais, j'étais. Ke nan «da» ta farko ita ce si tare da avais ko étais, «da» ta biyu ita ce aurais ko serais. «Si tu m'avais appelé, je serais sorti», da ka kira ni da na fita. «Si j'avais su, je ne serais pas sorti», da na sani da ban fita ba. «S'il n'avait pas plu, nous aurions sorti les nattes», da ba a yi ruwa ba da mun fitar da tabarmi. Ana iya juya sassan, a fara da sakamako a ƙare da sharaɗi, «je serais sorti si tu m'avais appelé», lokutan ba sa sauyawa, kowane yana manne da sashensa.

Akwai wani abu mai zurfi da ya kamata mai fassara daga Hausa ya lura da shi. Jimla kamar «da ina da kuɗi da na saya» ba ta faɗi lokaci a fili ba, tana iya nufin yanzu da muke tsaye a kasuwa, tana iya nufin bara. Faransanci yana tilasta maka ka zaɓa. Idan maganar yanzu ce, si tana ɗaukar imparfait, sakamako yana ɗaukar conditionnel présent: «si j'avais de l'argent, je l'achèterais». Idan abin ya wuce, sai a ce «si j'avais eu de l'argent, je l'aurais acheté». Kafin ka rubuta, gwada saka «jiya» ko «a wancan lokaci» cikin jimlar Hausar. Idan ta zauna daram ba tare da ta ɓata abin da kake nufi ba, conditionnel passé kake bukata. Yakan yiwu kuma sharaɗin ya kasance a baya amma sakamakon yana yanzu, sai a gauraya: «Si tu étais sorti à l'aube, tu serais déjà à Maradi», da ka fita da asuba da yanzu kana Maraɗi. A nan serais shi kaɗai yake, babu participe a bayansa, domin conditionnel présent ne na être.

Sharaɗin ba lallai ne ya zo da si ba. «Sans la pluie, nous serions sortis» daidai yake da «da ba don ruwa ba da mun fita». «À ta place, je serais sorti» shi ne «da ni ne kai da na fita». Sinon ma tana buɗe masa ƙofa: «J'étais malade, sinon je serais sorti», ba ni da lafiya ne, in ba haka ba da na fita. Bayan au cas où kuwa conditionnel ne ke zuwa kai tsaye: «Au cas où il serait déjà sorti, laisse le message au gardien», ko da ya riga ya fita, ka bar wa maigadi saƙon. Si ɗaya ce tak take karɓar conditionnel, ita ce wadda Hausa ke fassarawa da «ko» a tambayar da aka saƙa cikin jimla: «Je me demande s'il serait sorti sans permission», ina tunanin ko da zai fita ba da izini ba.

Nadama, zargi da ladabi

A maganar yau da kullum, conditionnel passé ya fi fitowa da wasu aikatau huɗu ko biyar, sannan aikatau na biyu ya biyo a siffarsa ta ƙamus. «Tu aurais dû sortir plus tôt» zargi ne, wato ya kamata a ce ka fita tun da wuri, kuma ya bambanta da «tu devrais sortir» wanda shawara ce da har yanzu ana iya bi. «Tu aurais pu me prévenir» ƙorafi ne, ai da ka sanar da ni. «J'aurais voulu sortir avec vous» ko «j'aurais aimé» nadama ce, na so a ce na fita tare da ku. Akwai kuma «il aurait fallu sortir à l'aube», da asuba ya kamata a ce an fita, da «vous auriez mieux fait de rester», da kun zauna da ya fi.

A duk waɗannan, mataimakin na aikatau na farko ne. Devoir da pouvoir da vouloir avoir suke ɗauka, saboda haka ana cewa «elle aurait dû sortir» ko da sortir a nan «fita» ce, kuma dû ba ya ƙara e. 'Yar hular da ke kan dû kada a manta da ita, ita ce ke raba shi da du na «du pain». Wani abin sha'awa shi ne «tu n'aurais pas dû» ba kullum zargi ba ne. Idan aka kawo wa mutum kyauta yakan faɗe shi cikin murmushi, kamar yadda mu ke cewa «haba, har da wahala haka». A ofis ma za ka ji «j'aurais voulu parler au directeur», wanda siffarsa ta abin da ya wuce ce amma roƙo ne na yanzu da aka sassauta don ladabi.

«Wai» ta 'yan jarida

Wanda ke karanta jaridun Faransanci ko sauraren labarai zai riƙa cin karo da conditionnel passé a jimlar da babu sharaɗi ko nadama a cikinta. Misali «Le suspect serait sorti du pays mardi». Fassara wannan da «da wanda ake zargi ya fita» ɓata ce. Abin da ake nufi shi ne wai wanda ake zargi ya fita daga ƙasar ranar Talata, labari ne da aka ji amma ba a tabbatar ba, mai rubutu kuma yana zare hannunsa daga ɗaukar alhakinsa. Alamun gane shi su ne rashin si, da yawan zuwan selon ko d'après a kusa. A nan ne kuma ake yawan ganin siffar da ba a ambaci mai yin aiki ba, wadda ke da kalmomi uku: «Le voleur aurait été arrêté hier», wai an kama ɓarawon jiya. Kada a rikita ta da «la boutique serait fermée», wai shagon a rufe yake, domin fermer ba ya cikin rukunin être, saboda haka serait fermée hali ne na yanzu.

Wani aikin kuma shi ne a maganar da aka ruwaito. Idan mutum ya ce «Je serai sorti de la réunion avant midi», mai ba da labari daga baya zai ce «Il a promis qu'il serait sorti de la réunion avant midi», ya yi alkawarin cewa kafin tsakar rana zai riga ya fito daga taron. Futur antérieur ne ya koma conditionnel passé saboda aikatau mai gabatarwa yana shuɗaɗɗen lokaci. Irin wannan amfani ne ya sa masu nahawu da dama a yau suke lissafa conditionnel cikin lokutan indicatif, wato rukunin da futur da imparfait suke ciki, ko da yake littattafan makaranta da yawa suna ware masa babi nasa.

A cikin tsofaffin rubuce-rubuce za ka ga abin da ake kira siffa ta biyu, deuxième forme: j'eusse sorti, il eût sorti, je fusse sorti, il fût sorti, nous fussions sortis. Ma'anarta ɗaya da aurais da serais, siffarta kuma ta plus-que-parfait du subjonctif ce. Ya isa ka gane ta idan ka gan ta, musamman hular da ke kan eût da fût wadda ke raba su da eut da fut. A baki kusan ba ta saura sai a «Qui l'eût cru ?», wa zai yi zaton haka.

Gwaji da jimla guda

Bari mu ɗauki jimlar Hausa mu bi da ita ta matakan nan: «Da mun san za a yi ruwa, da 'yan matan ba su fita ba, tabarmin nan kuma da ba mu fitar da su ba.» Abin ya riga ya faru, an yi ruwan, an fita, saboda haka muna cikin shuɗaɗɗen lokaci. «Da» ta farko sharaɗi ce, sai si da plus-que-parfait na savoir: si nous avions su qu'il allait pleuvoir. «Da» ta biyu tana da «fita», sai être, aikau jam'in mata ne, korewa tana kewaye mataimaki: les filles ne seraient pas sorties. «Da» ta uku tana da «fitar da», sai avoir, aikau nous ne, kuma «su» mai komawa ga tabarmi ya zama les ya shiga gaban mataimaki: et les nattes, nous ne les aurions pas sorties.

Cikakkiyar jimlar ke nan ita ce «Si nous avions su qu'il allait pleuvoir, les filles ne seraient pas sorties, et les nattes, nous ne les aurions pas sorties.» Sorties ya fito sau biyu da rubutu iri ɗaya, amma na farko ya sami es ɗinsa daga aikau saboda être, na biyu kuma daga les da ya riga aikatau zuwa, tun da natte mace ce a Faransanci. Da za a mayar da tabarmin bayan aikatau a ce «nous n'aurions pas sorti les nattes», es ɗin na biyu zai faɗi, na 'yan matan kuma ya zauna inda yake.